Karaban ƙirar Turai a kan hanyar Yamai zuwa Tawa: abin da ta iya da shirin da take bukata kafin fitar farko

Karaban ɗin da muke magana a kanta ita ce ƙaramar tirelar nan mai ɗakin kwana da ake ja da mota, mai ƙafa biyu, ƙirar Faransa ko Jamus. Tsawon ɗakinta mita 4 ne zuwa 4 da rabi, faɗinta tsakanin mita 2,10 da 2,30, nauyinta da kaya kuma kilo 1.000 zuwa 1.300. A ciki akwai gado, teburin da ke komawa gado na biyu, murhun gas, firigo, wurin wanke kwano da ɗan makewayi. Tana da amfani ga mai gonar da ke nesa da gari, ga masu aikin gini ko haƙar rijiya da ke kwana a bakin aiki, da maigidan da ke son kai iyali ƙauye ba tare da ya takura wa masu masauki ba.

Hukuncinmu shi ne kayan kirki ce, mai sauƙin ja, kuma an yi shasinta da birkinta da hankali. Sai dai an ƙera ta ne don gudron mai santsi da ƙasar da zafinta ba ya kai namu. Wanda ya ɗauko ta daga duwan yau, gobe ya ɗora iyali ya nufi Tawa, kilomita wajen 550 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, zai ga laifinta da yawa, alhali rabin laifin na rashin shiri ne.

Tun wajen saye a dubi gefen da ƙofa take. Ƙirar Ingila ƙofarta a hagu take, domin su a hagu suke tuƙi. A nan, idan aka tsaya a bakin hanya, wannan ƙofar cikin titi za ta buɗe, kuma ta nan yara za su sauko. A nemi mai ƙofa a dama.

Abin da ya fi burge mu a jikinta shi ne wuyanta, wato inda take kama mota. Da yawansu a kan shasin kamfanin AL-KO suke, da birkin da ba ya neman wuta ko iska daga mota: idan direba ya taka birki, karaban ta turo gaba, wannan turin ne ke jan sandar da ke kama tayunta. Dabara ce mai sauƙi, ba ta cika lalacewa ba. Amma a wannan wuyan ne kuskure uku suka fi faruwa.

Na farko, girman bul, dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota. Bakin karaban ƙirar Turai na bul mai milimita 50 ne. Motocin da aka shigo da su daga Amurka sukan zo da mai inci 2, wato milimita 50,8, ko mai inci 1 da 7/8 wanda ya fi ƙanƙanta. Ido ba ya raba su. Babban yakan hana baki rufewa har ƙarshe, ƙaramin kuma yakan bar shi yana wasa har ya fice a kan rami. Galibi an buga lambar a saman bul ɗin, a karanta. Bayan an maƙala, a ga alamar kore ta fito a jikin bakin, sannan a murza ƴar tayar gaba kamar za a ɗaga: idan bayan mota ya fara tashi tare da karaban, ta kama.

Na biyu, tsayi. Ƙa'idar Turai ita ce tsakiyar bul ya kasance santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa, mota tana ɗauke da kayanta. Hilux da Land Cruiser sukan fi haka tsayi. Idan aka maƙala a hakan, karaban za ta ɗaga hanci, bayanta ya riƙa gugar ƙasa a kowane tudun rage gudu, ta kuma yi saurin lilo. Akwai farantin ƙarfe na musamman da ke sauko da bul ƙasa. Shi za a saya. Kada a kai wa mai walda ya ƙago wani abu, kuma kada a yarda a yi walda ko a huda shasin karaban ɗin kanta, domin ƙarfen siriri ne mai rufin tutiya, wuta tana raunana shi.

Na uku ya fi ba da takaici domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Idan bakin karaban yana da doguwar mariƙa ta biyu da ake dannawa ƙasa bayan an maƙala, to mai hana lilo ne, irin AKS. A cikinsa akwai ƴan ƙananan takalma da ke matse bul kamar yadda birki ke matse taya. Kowane makanike da ya ga bul, hannunsa giris zai nufa, kuma giris ɗin nan shi ne ke kashe aikin takalman gaba ɗaya. Bul na irin wannan baki a bushe ake barinsa: a kankare fenti da takardar yashi mai laushi, a goge da maganin wanke birki. Tsohon baki marar takalma ne kawai ke son giris.

Akwai siririyar igiyar ƙarfe, galibi ja, a ƙarƙashin wuyan. Ba ta riƙe karaban. Aikinta shi ne idan karaban ta ɓalle, ta fizgo birkin hannu sannan ta tsinke. A maƙala ta a zoben da aka tanada a jikin ƙarfen mota, a bar mata saki kaɗan don shan kwana, amma kada ta ja ƙasa.

Wutar baya ma a duba ta tun mako guda kafin tafiya. Sababbin karaban suna da fulogi mai tsinke 13, motoci da yawa kuma mai 7 gare su, na Amurka ma siffarsa daban ce. Akwai mahaɗi daga 7 zuwa 13, zai ba da sigina da fitilar birki da ta dare, amma ba zai ba da fitilar baya-baya ba, ba zai yi cajin batir ba, ba zai kunna firigo ba. Mai son waɗannan sai mai wutar mota ya ja masa waya zuwa tsinke na 9 da na 10, kowace da fiyus nata, ta 10 kuma ta kasance tana kawo wuta ne kawai in inji yana aiki. In ba haka ba firigo zai shanye batirin mota a lokacin da aka tsaya sallar azahar da cin abinci.

Sai maganar nauyi, wadda a ganinmu ita ce babbar kasawar wannan kaya ga irin tafiyarmu. A kusa da ƙofa ko a jikin wuya akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai, PTAC a takardun Faransa. A ɗauki misali: iyaka kilo 1.200, ita kanta wayam kilo 980. Saura 220. Ruwa lita 40 kilo 40 ne. Butel ɗin gas mai kilo 12,5 idan ta cika takan kai wajen 25. Batir mai amfiya 100 wajen 30, tayar safiya, wato ta canji, wajen 20. An riga an ci 115 ba a sa tukunya ko ɗaya ba. Buhun shinkafa guda da jarkar mai da tabarmi sun gama da sauran. Mu kuwa ba ma zuwa gida hannu rabbana, ba ma dawowa sai da tsaraba, kuma duk wanda ya bi ta ƙasar Ƙonni lokacin albasa ya san yadda buhu ke shiga mota. Kaya masu nauyi a bayan mota za su zauna. Abin da ya shiga karaban a ajiye shi a ƙasa, daidai kan tayu, a ɗaure. Akwatunan sama na tufafi ne da abin da bai da nauyi.

Rabon nauyin ya fi yawansa muhimmanci. Wuyan karaban ya kamata ya danna bul da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinta, wato kilo 60 zuwa 84 a misalinmu, muddin bai wuce iyakar da aka rubuta a ƙarfen jan mota ba. Auna shi ba wuya: a sa sikelin awon mutum a ƙasa mai daidai, a tsayar da guntun katako tsakaninsa da bakin karaban a tsayin bul, a sassauta ƴar tayar gaba har nauyin ya sauka a kan katakon, a karanta. Idan wuya ya yi sako-sako saboda an tara kaya a baya, karaban za ta fara kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru ko babbar bas ta wuce ta da iska. In hakan ta faru, a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar gudun ya mutu da kansa. Taka birki da ƙarfi ko ƙoƙarin gyara ta da sitiyari shi ke kifar da ita. Ƙungiyoyin masu karaban na Ingila suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin karaban da kayanta ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar wayam. Hilux ta wuce wannan da nisa. Ƙaramar Corolla ba ta kai ba. Kuma ba a ɗaukar mutum a cikin karaban tana tafiya, ko babba ko yaro, ko da tafiyar ta cikin gari ce.

Tayu su ne abin da zafin gudron zai fara gwadawa. Karaban na iya zama sabuwa fil tayunta kuma sun shekara uku a ajiye. A gefen kowace taya, bayan kalmar DOT, akwai lambobi huɗu: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar karaban ba ta cika suɗewa ba, tsufa da rana ne ke tsattsaga ta, shi ya sa ake canza ta a shekara 5 ko da zanenta yana nan. A tabbata mai harafin C ce, irin 185 R14 C, wadda aka yi don kaya. Iskarta ta fi ta ƙaramar mota yawa, wasu har bar 4,5, adadin yana cikin littafinta. Da sassafe ake aunawa kafin a motsa, kuma kada mai faci ya rage iska da rana don ya ga ta hau, hawan na zafi ne. Notin taya a ɗaure shi da kile mai awo, wajen 90 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ga rim na ƙarfe, 120 zuwa 130 ga na alminiyam, a kuma sake ɗaurewa bayan kilomita 50 na farko, domin sabon rim yakan zauna noti ya saki. Mai fita daga Yamai zai iya yin wannan kafin ya kai Kure da ke kan hanyar Doso. A wannan tsayawar a kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya: ɗumi ba komai ba ne, amma idan ɗaya ta fi ɗaya zafi sosai, birki yana kamawa ko rulma, zoben da taya ke juyawa a kansa, ta fara ci.

Tayar safiyar Hilux mai huji shida ce, ta karaban huɗu ko biyar, ba sa shiga juna, kuma ba kowace karaban ke zuwa da tata ba. A nema, tare da kirik ɗin da ya dace da shasinta. Ƙafafun nan huɗu na kusurwa da ake murzawa ƙasa ba kirik ba ne, don hana girgiza kawai aka yi su, wanda ya ɗaga ta da su zai lanƙwasa su ya kuma murɗe daɓen ɗakin.

Kayan gyara a Yamai sai an yi da gaske. Takalman birki, igiyoyin birki, rulma da takalman mai hana lilo, a yi odarsu tare da karaban ɗin, da lambar da ke jikin farantin ƙarfen tayu. Rulmar AL-KO a rufe take, ba a sa mata giris, babban notin da ke riƙe ta kuma sau ɗaya ake amfani da shi, ana ɗaure shi a 290 Nm. A sayi biyu a ajiye, a kuma faɗa wa makanike kada ya maida tsohon. Idan karaban ba ta zo da amortisar masu rage girgiza ba, a sa mata. Akwai wurin ɗaura su a shasi, kuma bambancin a hanyar burji mai ƙunya-ƙunya babba ne.

A cikin ɗaki, firigon ne ya fi raunana. Irin wanda ba shi da inji ne, yana aiki da gas ko wutar 220 ko 12 ta mota. Shirunsa da ƙarancin cin gas abin yabo ne, bai kai rabin kilo a yini ba. Amma yawancinsu an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba, mai alamar T ne kawai aka yi don 43, mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma takan wuce 40. A irin wannan lokaci zai sanyaya ruwa kaɗan, amma ba abin da za a amince masa da ɗanyen nama ko magani ba ne. Ana iya taimaka masa: a kunna shi a gida yini guda kafin tafiya, a sa kayan da suka riga suka yi sanyi, a cire murafun hunturu daga tagogin iskarsa biyu na waje idan an zo da su a kai, a ɗaura ƴar fanka mai wutar 12 a bayan tagar sama, a tsaya yadda gefensa zai kasance a inuwa. Dole kuma karaban ta zauna daidai, domin ruwan da ke zagayawa a cikinsa gangara yake bi, idan ta karkace sai ya daina sanyi. Wanda ke da hali ya ƙara ƙaramin firigo mai inji na wutar 12, da pano mai wat 150 zuwa 200 a rufi. Wannan ne ke jure bazara.

Gas yana son natsuwa. Karaban na zamani suna aiki da detandar, wato abin rage ƙarfin gas, mai milibar 30, amma bakin tiyon da ke zuwa butel ya bambanta tsakanin Jamus da Faransa da Ingila. A kai butel ɗin da za a yi amfani da ita a gwada, a nemi mahaɗin da ya dace, kada a cusa da leda ko robar tayar keke. A shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa, in kumfa ta taso akwai yoyo. Butel a tsaye take zama, a ɗaure, a rufe ta duk lokacin tafiya, musamman a gidan mai. A ƙasan akwatin gas da ƙarƙashin murhu akwai ƴan hujoji da suka fita waje. Ƙurar hunturu za ta shigo ta nan, kuma zuciya za ta ce a toshe su. Kada a toshe. Gas ya fi iska nauyi, ta nan yake zuba waje in ya yi yoyo. A sa ƴar na'urar da ke kuka idan gurɓatacciyar iskar ƙuna ta taru, a rataye abin kashe gobara kusa da ƙofa, kuma kada a shigo da gawayin shayi ciki ko da sanyin Janairu ya kai yadda yake kaiwa a Adar. Don wannan sanyin ne na'urar ɗumama ɗaki ta Truma ke da amfani, wata biyu a shekara.

Sanyaya ɗaki kuwa sai da kilim, kilim kuma sai da wutar 220. Batir ba zai ɗauke shi ba. Yana ƙara wajen kilo 30 a rufi, kuma yana bukatar gurup mai ƙarfin 2 kVA a inda babu wutar Nigelec. A ajiye gurup nesa da tagogi, ta gefen da iska ke tafiya da hayaƙi. Ba tare da kilim ba, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ɗakin yana da daɗin kwana, tagoginsa ma suna da ragar sauro. A bazara rumfar gefe da tabarma sun fi cikinsa.

Makewayin, ƙirar kamfanin Thetford, yana da tsabta, kuma ya fi komai faranta wa mata da tsofaffi rai a hanya. Tankinsa dai bai kai lita 20 ba, an lissafa shi ne ga masu amfani da takarda. Ga masu tsarki da buta, iyali mai mutum huɗu za su cika shi cikin yini ɗaya ko biyu. A zubar a masai, ba a bakin tabki ko kusa da rijiya ba. Alwala a yi ta a waje da jarka dabam, don lita 40 ɗin nan su isa girki da wanke hannu. Kafin amfani na farko a wanke tankin ruwa da tiyoyinsa sau biyu, sabon roba yana sa ruwa ɗaci.

Takardu: ta duwan, katin mallakar karaban da lambarta a baya, da asiransin da aka rubuta tirela a cikinsa ƙarara. A kai permi ofishin sufuri a tabbatar rukuninsa ya haɗa da jan tirela mai wannan nauyi kafin a haɗu da jandarma a shinge. Madubin ƙari ma dole ne, domin karaban ta fi mota faɗi. A auna tsayinta, galibi wajen mita 2,60, a rubuta a manna a gaban direba saboda ƙofar gida da wayoyin unguwa.

Daren farko a tsakar gida za a yi shi. A kwana ciki, a dafa abinci, a kunna kowace fitila da famfo, a ga abin da ya rage tun shago yana kusa. Washegari a nemi fili a koyi baya-baya: hannu a ƙasan sitiyari, inda hannun ya nufa nan bayan karaban zai nufa, a hankali, da mutum ɗaya a ƙasa inda direba ke ganinsa a madubi. Fita ta biyu kada ta wuce Doso, wajen kilomita 140, a tafi da safe bayan an tambayi halin tsaron hanya, gudu kada ya wuce 80. Tawa sai a karo na uku, kuma da karaban tafiyar yini ce cur, a tashi bayan asuba don a shiga gari da sauran rana. Wajen shan kwana a yi faɗi, domin tayunta suna yanke kwana fiye da na mota. Tudun rage gudu na garuruwan hanya da magudanan kwari a hau su kamar mai tafiya a ƙasa, a ɗan karkace idan gangaren ya yi tsini. Yashi mai zurfi ba wurinta ba ne, ƙasanta bai da tsayi. Inda za a sauka a sa katako ƙarƙashin ƴar tayar gaba da ƙafafun kusurwa don kada su nutse, a tare tayu da itace kafin a cire ta daga mota.

Bayan dawowa a bi kowane akwati da sukurdireba, domin katakon cikin marar nauyi ne, girgiza tana kwance sukurorin ƙofofi da na tebur. Sukurun da ya saki ya riƙa juyawa a banza, a sa masa gam na katako da tsinken ashana a ramin. Tagogin roba ne, ba gilashi ba, idan aka goge ƙura a bushe za su yi zane, sai a kwarara ruwa tukuna a bi da tsumma mai laushi. Mastik ɗin da ke gaɓoɓin rufi da kewayen tagar sama rana tana busar da shi da wuri a nan, a duba shi a watan Mayu kafin ruwan farko, a cike duk inda ya tsage da irin wanda ba ya sandarewa, ba silikon ɗin banɗaki ba. In ruwa ya shiga bango, katakon ciki yana ruɓewa ba a gani, sai daɓe ya fara laushi a ƙarƙashin ƙafa. Idan za ta daɗe a ajiye, a sa ta ƙarƙashin rumfa, a rufe tayu daga rana, a tare su da itace a saki birkin hannu don kada takalma su manne.